Rana Ta Sayarwa Ce

Mackay,
14 ga Nuwamba.

Ƙanina Wenzu,

Ina gaishe ka, kai da gwiwoyinka biyu, da mai ciwon da wadda ke jiran layi. Ina fata kana shafa maganin da na aiko maka, ba ajiye shi ka yi a kan taga kamar na bara ba. Mu nan lafiya lau. Mijina Charlie ya gama yankan rake, ya dawo ya tare mini a kicin, in na juya shi, in na waiwaya shi. Zafi ya fara, mangwaron bayan gida ya nuna.

Bayan haka, gida ya zama naka. Jiya na sa hannu a madadinka a ofishin lauya. Shekara talatin da ɗaya kana kwance ƙarƙashin injinan rijiyoyin shanun wasu, yau ga ka da rufin kanka. Na yi kuka a cikin mota, amma in ka faɗa wa wani zan ƙaryata ka.

Gidan katako ne mai dogayen ƙafafu, irin wanda muka tashi a ciki, da farantan sola ashirin a kan rufi. Da 'yar haya aka sayar mana da shi, kamar yadda na gaya maka. Sunanta Madam Noelene Pratley, shekararta saba'in da takwas, mijinta ya rasu, kuma shekara sha tara ke nan tana ciki. Da na je gaishe ta, tana tsoron za a tashe ta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, babu mai tashinta. Da bakinka na yi wannan alkawari, sai ka riƙe shi.

Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Da tsakar rana na je, rana kamar za ta fasa kai. Na same ta zaune cikin duhu, labule a sake, fanka a tsaye, rediyo a kashe, ta ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya. Shayin da ta ba ni ma daga filas ta zuba, wai tun asuba ta dafa. Na miƙa hannu zan kunna fanka, sai ji na yi ta buge mini hannu ta ce, "Kul! Ba yanzu ba, 'yar nan." Ni da jikoki huɗu, aka buge mini hannu. To, ka gaya mini, mutum da wuta a kan rufinsa, me zai sa ya zauna yana dahuwa?

Sannan dillali ya ce rufin yana kawo dala dubu biyu da ɗari huɗu a shekara. Na ce, "Yana kawo wa wa?" Ya ce, "Ai yana kawowa, Madam," ya dubi agogonsa. Har yanzu ban gane amsar nan ba.

Da kana ɗaukar waya da na huta da rubutu, amma na san injuna sun cinye maka kunne, kuma kai da wayar ofishin manaja ba kwa ga maciji.

Yayarka,
Pawlina

Gandun shanu na Brolga Bend,
23 ga Nuwamba.

Yaya Pawlina,

Wasiƙarki ta zo a jirgin sama na ranar Alhamis, na karanta sau uku. Ina lafiya. Gwiwar hagu ce dai, in na durƙusa sai na kama tayar mota kafin in miƙe. Maganin yana kan taga, amma ina ganinsa kullum. Ki gaida Charlie, ki ce masa ya nemi aikin yi.

Na gode, Yaya. Ban iya irin maganar nan ba, kin sani. Na gode.

Maganar rufi kuwa, ban ga abin ruɗewa ba. Wanda ya sayi saniya ai da nononta ya saya. Gida nawa, rufi nawa, farantai nawa, to kuɗin na wa zai zama? Na zauna na yi lissafi a bayan kwalin man inji. In aka haɗa kuɗin haya da na rufin, aka cire haraji da gyare-gyare, zai riƙe ni in ajiye aiki da bikin Ista in dawo gida. In babu na rufin, lissafin bai kai ba, sai na ƙara shekara a nan. Ba na jin gwiwar nan tana da wata shekarar a jikinta. Na riga na faɗa wa manaja ya fara neman wani makaniki.

Ita kuma tsohuwar, abu biyu ne. Ko dai farantan sun mutu dillali ya rufe mu, ko kuma an yanke mata wuta tana jin kunyar faɗa. Ki koma ki duba akwatin sola da ke ƙarƙashin gida. In kin ga koren haske, suna aiki. In ja ne, ki shaƙe mini dillalin nan kafin in zo. Kuma ki tambaye ta wace hanya kuɗin ke bi, don a juyo da shi inda ya kamata.

Alkawarin da kika yi mata yana nan. Ban sayi gida don in kori tsohuwa ba.

Ƙaninki,
Wenzu

Mackay,
6 ga Disamba.

Wenzu,

Gaisuwa da fatan alheri. Maganin da ake gani a taga ba ya warkar da kowa, sai ka ci gaba da kallonsa. Ni ƙafata ta ɗan kumbura saboda zafi, Charlie kuma ya sami aikin yi, ya kwance mini injin yankan ciyawa ya kasa mayarwa.

Na koma, na ɗauki pastizzi goma sha biyu, gashin fulawar nan namu mai cuku a ciki, na kai mata don baki ya buɗe. Hasken kore ne, saboda haka dillali ya tsira da wuyansa. Ba a kuma yanke mata wuta ba. Amma na shiga gidan nan da tambaya ɗaya, na fito da biyar.

Na ce, "Madam Pratley, don Allah me ya hana ki kunna fanka?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake zuwa coci ran Lahadi. Ta ce, "Ai rana ta sayarwa ce, 'yar nan. Dare ne na amfani. Haka Keith ya ce."

Keith shi ne marigayin mijin nata. A kamfanin sukari ya yi aiki. Ashe shi ya sayi farantan da kuɗin sallamarsa, tsohon mai gidan ya ba shi izini ya ɗora. Ta ɗauko mini wani littafi da ya fara rubutawa, ita kuma ta ci gaba: kullum da yamma sai ta sauka ta duba mita ta rubuta lamba. Shekara biyar, babu ranar da aka tsallake, har ranar jana'izarsa akwai lamba. Wanki, guga, girki, duk sai rana ta faɗi.

Na ce, "To, kuɗin fa?"

Ta ce kowane wata uku kamfanin wuta yana cire abin da ta sha, ya aiko mata da ceki na abin da ya rage, wajen dala ɗari huɗu, da sunanta. Ta ce fanshonta ba ya kai wa ga kuɗin haya, da cekin nan take cikawa. Sai ta kama hannuna ta ce, "A asibiti, abin da ya ce mini na ƙarshe ke nan. Ya ce, Noelene, kada ki bari a taɓa sunan da ke kan takardar wuta."

Na ce, "Saboda me?"

Ta ce, "Ni dai Keith ya ce."

Daga nan na shiga yawon tambaya. Lauya ya ce farantan naka ne tunda a kafe suke da rufi, amma maganar ceki ba ta cikin takardun da ya gani. Dillali ya ce kuɗi gida yake bi. Charlie ya ce mita yake bi, shi da bai iya mayar da injin ciyawa ba. Na kira kamfanin wuta, wata yarinya mai daɗin murya ta ce ba za ta iya gaya mini komai ba tunda ba sunana ne a kan takardar ba. Na ce mata ai sunan nake tambaya a kai. Ta ce ta fahimta. Ni ce dai ban fahimta ba.

Ga inda na tsaya: farantai naka, kuɗin sayensu na Keith, rana ta Allah, ceki nata. In kai ka ga kan zaren, ka nuna mini, don ni kaina ya kulle.

Yayarka,
Pawlina

Mackay,
19 ga Disamba.

Wenzu,

Lafiyarmu ƙalau, ina fata kai ma haka. Ban jira amsarka ba, don abin ba na jira ba ne. Ka ajiye sifana ka karanta wannan a zaune.

Na gane! Jiya bayan an tashi daga coci na kama Lino Sammut, mai aikin wutar nan da kuka yi aji ɗaya, na ce ba zai sha shayinsa ba sai ya warware mini. Ya zana mini a bayan takardar waƙoƙi.

Ya ce shekarun baya, lokacin da ake lallashin mutane su sa sola, an yi alkawarin biyan senti arba'in da huɗu a kan kowane yunit na wutar da gida bai sha ba ya tura kan layi. Abin da ya rage kawai ake biya. Ita kuma wutar da ka sha daga layi, kusan rabin wannan kuɗin kake sayenta. Shi ya sa mutanen wancan zamani suke kashe komai da rana su kunna da dare. Ashe tsohuwa ba ta zare ba, kasuwanci take yi.

Daga baya aka rufe wannan ƙofa. Waɗanda ke ciki suna ci gaba da karɓa har wasu shekaru goma sha ɗaya masu zuwa, amma da sharaɗi: sunan da ke kan takardar wutar gidan kada ya canza. Daga miji zuwa mata an yarda, shi ya sa ta gaji na Keith. Ban da wannan, ranar da wani suna ya hau, arba'in da huɗun nan ta tafi ke nan, sai a koma biyan wajen senti shida. Lino ya ce ba ta bin gida, ba ta bin rufi, ba ta bin mai gida. Na ce, "To, ƙanina fa?" Ya ce, "Ƙaninki ribarsa ita ce yana da 'yar hayar da ba ta taɓa fashin biya ba."

Na san wannan ya ɓata maka lissafin Ista, kuma raina bai yi daɗi ba. In na dawo sai mu sake zama a kan lissafin, ko Charlie ya sama maka ɗan aikin gyaran taraktoci a nan. Amma ko me za ka yi, kada ka taɓa sunan nan. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, ka gani.

Gobe za mu tafi Brisbane, 'yata Marisa ta kusa sauka. Sai goma ga Janairu za mu dawo. Barka da Kirsimeti tun yanzu. Kek ɗinka yana cikin kwalin da na haɗo da wasiƙar nan, kada ka raba wa kowa kafin ka ɗanɗana.

Yayarka,
Pawlina

Brolga Bend,
20 ga Disamba.

Yaya Pawlina,

Ina gaisuwa, da fatan kumburin ƙafa ya sauka. Ni ina nan yadda kika sani. Hadari yana ta haɗuwa ta arewa, matuƙin jirgi ya ce wataƙila na gobe ne na ƙarshe kafin filin saukarsa ya jiƙe.

Wasiƙarki ta shida ga wata ta zo, kuma na ga kan zaren da kika ce in nuna miki. Ai ke da kanki kika rubuta shi, ba ki lura ba. Kin ce da cekin rufi take cika kuɗin haya. To, Yaya, rufin wa? Ke nan da kuɗina ake biyana haya! An tatsi saniyata an sayar mini da nonon. Kuma kin ce mijin ya ce kada a taɓa suna. Mana, ai dole ya ce haka, tunda ya san duk wanda sunansa ke kan takarda shi ke karɓa. Ban ga laifinsa ba, kowa nasa yake karewa. Ni ma da ni ne haka zan ce.

Kin sha wahalar yawo, na ɗauke miki sauran. Matar manaja ta fitar mini da takardar canjin suna a ofis, na cika, na sa hannu. Na haɗa da wasiƙa zuwa ga Madam Pratley, cikin ladabi, na ce ta sa hannu a inda na yi alama ta aika wa kamfani. Ba zaluntarta zan yi ba. Wutar da ta sha ni zan riƙa biya, ta huta da wannan, abin da ya rage ya zo mini. Kin ga kowa ya samu. Duka wasiƙun biyu a jirgin gobe za su fita.

Ban taɓa jin Ista ta matso kusa kamar yau ba. Har na fara raba wa yaran da muke aiki tare tsofaffin kayan aikina. Barka da Kirsimeti.

Ƙaninki,
Wenzu

Mackay,
11 ga Janairu.

Wenzu,

Marisa ta haifi namiji, uwa da ɗa lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Jiya muka dawo na tarar da wasiƙarka a cikin akwatin wasiƙu, ƙarƙashin takardun talla, kusan kwana ashirin tana kwance. A tsaye na karanta. Ban ko cire takalmi ba na ce wa Charlie ya juya mota. Ashe wasiƙata da taka a hanya suka wuce juna, ko sannu ba su yi wa juna ba.

Ta sa hannu, Wenzu. Ranar da takardar ta iso ta sa, ta taka da ƙafarta har gidan waya cikin ranar nan.

Na ce, "Haba Madam Pratley! Ba ke kika ce mini Keith ya hana ba?"

Ta ce, "Mai gida ne ya rubuto, 'yar nan. Na ɗauka sharaɗin zamana ke nan. Ina zan je da shekara saba'in da takwas? Na je kabarinsa na ba shi haƙuri."

Yau tun safe nake kan waya. Yarinyar nan mai daɗin murya ta yarda ta yi magana da ni yanzu, tunda sunanka ne a kai kuma ina da takardar wakilcinka. Ta ce an canza tun ashirin da tara ga Disamba. Na ce a mayar. Ta ce ana iya mayar da sunan, amma arba'in da huɗu ba ta dawowa. Na ce kuskure ne, na ce kurma ne, na ce a daji yake, har kuka na yi mata. Ta ce ta fahimta. Lino ma ya ce bakin alƙalami ya bushe.

Garin neman gira ka rasa ido, kuma ba idonka kaɗai ba. Kai ba ka samu ba, ita ta rasa. Shekara sittin da ɗaya, har yau ba ka iya jiran jirgi ɗaya ba! Ni ma ina da nawa laifin, da na rubuta maka maganar suna tun ban gane ta ba. Amma yau ba ranar raba laifi da kai ba ce, yau duka naka ne.

Ka rubuto ka gaya mini me zan ce mata ranar biyan haya.

Pawlina

Mackay,
5 ga Fabrairu.

Ƙanina Wenzu,

Ina gaishe ka, kuma wannan karon da gaske nake yi. Mako shida ke nan rabonka da rubuto mini. Rediyo ya ce ruwa ya shanye yankinku, jirgi ba ya sauka. Na kira ofishin manaja, layin a mace. Ban sani ba ko fushi kake yi da ni, ko wasiƙuna ne ba su isa ba, ko gwiwar ce ta kayar da kai a wani rami. Na yi maka faɗa, ban janye ba, amma ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Saƙon farko daga kamfanin wuta ya zo da sunanka. Ba ceki ba ne. Dala tamanin da bakwai suke binka. Na biya, kada ka damu.

Ita kuma ta biya hayar Janairu cif, ko senti bai ragu ba. Na yi mamaki, sai maƙwabcinta ya gaya mini ta sayar da ƙaramin kwalekwalen Keith da ke ƙarƙashin gida. Ban san me ya rage da za ta sayar a wata mai zuwa ba.

Shekaranjiya na je da rana tsaka. Irin zafin nan ne da kwalta ke kama takalmi. Wenzu, a cikin duhu na same ta. Labule a sake, fanka a tsaye, tawul a wuya, leɓenta duk ya bushe.

Na ce, "Madam Pratley, ai an gama wannan. Kunna fankarki."

Ta ce, "A'a. Da can kuɗina ne, in na ga dama in ci. Yanzu na ƙaninki ne. Kin ce gwiwa ke damunsa yana son ya dawo gida. Ba zan zauna a gidansa in kuma cinye masa rana ba."

Ta buɗe littafin ta nuna mini lambobin Janairu, wai in aika maka ka ga ba ta yi wasa ba. Ta fi kowane wata turawa. Na yi lissafi a zuci: duk wunin da ta yi tana dahuwa, abin da ta tara maka bai kai kuɗin kofin shayi ɗaya ba. Na buɗe baki in gaya mata, na kasa. Yaya zan ce wa mace ta ba mijinta haƙuri a kabari a kan senti shida?

Na tashi na kunna fankar da kaina. Ta bar ni har na sha shayi. Ina sauka daga matakala na ji ta kashe.

Gidanka ne, kai za ka faɗi abin da za a yi.

Yayarka,
Pawlina

Brolga Bend,
2 ga Maris.

Yaya Pawlina,

Ina raye, ban faɗa rami ba, kuma ba fushi nake yi ba. Fili ya bushe, jirgi ya sauka yau da buhu huɗu na wasiƙu. Uku naki ne, da kwalin kek da ya yi gashi. Barka da samun jika, Allah ya raya.

Ta sama na fara buɗewa, ashe ita ce ta ƙarshe. Na karanta ban gane komai ba. Ina ta tambayar kaina wane senti shida, wane kabari, me ya sa kamfani ke bina kuɗi. Na buɗe ta biyu na ga zagi. Sai da na buɗe ta sha tara ga Disamba, na ga layi biyun da kika ja. Na duba kwanan wata, na duba nawa. Kwana ɗaya, Yaya.

Na fita na zauna bayan shagon injuna har aka kira cin abinci ban je ba. Wata biyu da rabi ina nan ina ƙirga kwanakin Ista da kuɗin da babu shi, tsohuwa kuma tana can tana gasa kanta domina. Ni da nake gyaran inji na san ba a kwance abin da ba a gane ba. Mutumin nan yana kan gadon mutuwa ya faɗi gaskiya, ni kuma na ɗauke shi mai wayo.

Ga abin da za a yi. Ki rage mata haya daidai abin da cekin ke kawo mata, daga Janairu, ki sa lauya ya rubuta don kada wani ya canza ko bayan raina. Wutar ta zauna da sunana, ni zan biya. Ki nemi wanda ya sayi kwalekwalen, in zai sayar ki saya ki mayar inda yake. Ki gaya mata gaskiyar senti shidan, ki ce ni na ɓata, ba ita ba, ba Keith ba.

Na je wajen manaja na ce ya daina neman makaniki. Zan kai ƙarshen shekara, wataƙila har wata. Na bi yaran na karɓo kayan aikina, suna ta yi mini dariya. Na kuma sauko da maganin daga taga.

Ki ce mata mai gida ya rubuto, ya ce a kunna fanka.

Ƙaninki,
Wenzu

Mackay,
13 ga Maris.

Ƙanina Wenzu,

Na ga rubutunka, na gode wa Allah. Mu duka lafiya, jariri har ya fara murmushi. Na aiko da wani maganin da sabon kek, wannan ka ci kafin ya tsufa.

Na yi duk abin da ka ce, ban da kwalekwale, mutumin ya riga ya tafi da shi garin Bowen. Na zauna na gaya mata komai, tun daga arba'in da huɗu har zuwa shida. Ta shafa bangon littafin. Sai ta ce, "Ashe abin da yake nufi ke nan. Da ya yi mini bayani mana, shi ma." Da na gaya mata maganar haya da cewa ka fasa dawowa da Ista, ta tambaye ni sau biyu ko ta ji daidai.

Na karanta mata layinka na ƙarshe. Ta tashi da kanta, ƙarfe goma sha biyu na rana, ta kunna fankar. Muka zauna muna kallonta tana juyawa kamar ba mu taɓa ganin fanka ba.

Amma a lamba ɗaya ta sa. Na ce ta ƙara, ai ba a jin komai. Ta ce a'a, wannan ma ya isa, kowane juyi daga gwiwar yaron nan yake fita.

Kai ne yaron. Ka shafa maganin.

Yayarka,
Pawlina